Muzuruna ya fara fitsari a ɗaka, maigida ya ce Juma'a za a kai su daji

Maman Sadik (Badariya, Birnin Kebbi):
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, don Allah wanda ya san abin ya taimaka, hankalina a tashe yake. Kyanwa huɗu gare ni. Babbarsu Zabuwa, saboda zanen jikinta muka sa mata sunan, shekararta 9 a hannuna, tun muna gidan haya a Rafin Atiku. Sai 'ya'yanta biyu haihuwa ɗaya, Toka namiji da Ƙwalli mace, shekararsu 3. Ta huɗun Tsintuwa ce, Sadik ya ɗauko ta a bayan kasuwa wata biyu da suka wuce, ido duk kwantsa. Yanzu ba za ta wuce wata 4 ba.

Shekara da shekaru ban san ƙazantarsu ba. Akwai lungu a gindin dogon yaro inda suke tona ƙasa su binne abinsu. To da bikin ƙanwar maigida ya matso, aka malale tsakar gidan da siminti gaba ɗaya, ragowar yashin aka tara a gindin katanga kusa da makewayi. Aka kwana huɗu ana biki, gida cike da baƙi, ga lasifika, ga yara suna bin su da gudu. Tun daga nan zaman lafiya ya ƙare. Toka ya fara fitsari a ɗaka, da farko ƙofar falo, sannan cikin bahon wanki, shekaranjiya kuma a kan dardumar sallar maigida. Ƙwalli ta lashe cikinta har gashin ya ƙare, fata ta fito fili. Zabuwa da ba ta da faɗa, yanzu ko giftawa 'yarta ta yi sai ta kai mata mari. Ita kuwa Tsintuwa a ƙarƙashin gado take wuni.

Maigida ya ce ranar Juma'a zai sa a zuba su a buhu a kai su can hanyar Kalgo a sake. Ban ga laifinsa ba, najasa a wurin sallah ba abin wasa ba ne. Amma Zabuwa ta raini yarana tare da ni, ba zan iya kallon a jefar da ita ba. Yau Talata. Me zan yi?

Ɗan Jega:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kishi ne kawai, kin yi musu kishiya. Ki ba da ƙaramar ga wani gida. Shi kuma muzurun, duk inda ya yi fitsari ki kamo shi ki goga masa hanci a wurin, ki ɗan tsula masa tsintsiya. Sau biyu ya ishe shi.

Inna ta Gwandu:
Ɗiyata, kin ce bayan biki abin ya fara. Mutum nawa sunka shiga gidan ga? Ba kowa ka shigowa da zuciya ɗaya ba, kuma mussa tana ganin abin da ba mu gani. Ki yi hayaƙin turare, ki yawaita addu'a. Duka kam kar ki yi, dabba ce.

Dakta (likitan dabbobi, Sakkwato):
Hajiya, maganar sauran ta jira tukuna, Toka nake tambaya, ki amsa min yanzu in kina kusa da wayar. A tsaye yake fitsarin, ya juya wa bango baya, jela a miƙe tana rawa, ko tsugunawa yake? Da yawa yake fita ko ɗigo? Kin ga ja a ciki? Yana yawan lasar gabansa? Yaushe rabon da ki ga ya yi fitsarin da ya jiƙa wuri sosai?

Maman Sadik:
Dakta, na ƙofar falo a tsaye ya yi kamar yadda ka faɗa, wancan satin ke nan. Amma kwana biyun nan tsugunawa yake, ya daɗe, ya tashi, ya koma wani wuri ya sake tsugunawa. A bahon wanki na ga ɗigo uku ko huɗu, kalarsu kamar zoɓon da aka surka da ruwa. Na ɗauka bayan gida ne ya ƙi fita, har na ɗura masa man gyaɗa a cokali. Tun jiya da la'asar ban ga ya jiƙa ko'ina ba. Yau ko kifi bai kalla ba, ɗazu kuma ya yi amai.

Dakta:
Hajiya, ki ajiye wayar nan ki ɗauke shi zuwa asibitin dabbobi yanzun nan. Kada ki jira la'asar, kada ki jira maigida ya dawo. Abin da kika faɗa alamun toshewar hanyar fitsari ne. Hanyar fitsarin muzuru doguwa ce kuma siririya, musamman can bakin gaba, don haka majina da jini da 'yan ƙananan duwatsu kamar yashi kan haɗu su toshe ta. Fitsari ya taru a mafitsara, ƙoda ta kasa aiki, guba ta koma cikin jini, sinadarin fotasiyam ya hau har ya rikita bugun zuciya. Muzurun da ya toshe gaba ɗaya yana iya mutuwa cikin kwana 2 zuwa 3, kuma amai alama ce abin ya fara nisa.

Kada ki matsa masa ciki, mafitsarar tana iya fashewa. Kada ki ba shi farasitamol ko ɓari ne, hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya tana kashe ta. Ki sa shi a kwando mai murfi, ki shimfiɗa tsumma, ki lulluɓe da zane. Ban da buhu a zafin nan. In kin isa ki ce musu namiji ne kuma ya kwana bai yi fitsari ba, za su gane. In ba su da robar fitsari ta kyanwa, ki tambayi inda za su tura ki, ko da asibitin koyarwa na dabbobi ne na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a nan Sakkwato.

Maman Sadik:
Innalillahi. Na aiki Sadik ya tsayar da keke. Ku yi mana addu'a.

Baban Khalifa (Koko):
Allah ya ba shi lafiya, amma gaskiya ɗaya ce jama'a. Mudun shinkafa nawa yake yau? Akwai gidajen da ko sau biyu ba sa ɗora tukunya, akwai yaran da zazzaɓi ke ci ba kuɗin magani, mu kuma muna nan ana maganar kai muzuru Sakkwato. Kyanwa ai ba ta ƙarewa a gari, in wannan ya mutu gobe za a ba ta wani kyauta. Maigidanta ya fi mu gaskiya.

Anti Nurse (Yauri):
Baban Khalifa, ni na ga irin mutuwar nan da idona, shi ya sa ba zan yi shiru ba. Nawa muzurun haka ya yi shekara biyu da suka wuce. Na kai shi wurin wani mai sayar da maganin dabbobi a kasuwa, ya ce tsutsa ce, ya yi masa allurar da ake yi wa shanu. Kwana biyu yana kuka irin wanda ban taɓa ji ba, yana jan ƙafafun baya, cikinsa tauri kamar lemo. A bayan randa ya cika. Ni da nake aikin jinya ban gane ba, don ban taɓa tunanin dabba ma tana toshewa ba. Wanda ya ga wannan ba zai ce a bari ya mutu a karɓo wani ba. Kuma kuɗinta ne, ba na asusun marayu ta ɗiba ba.

Malam (Argungu):
Bismillah. Taimakon mutum yana gaba, babu mai musun wannan, amma ɗaya ba ya soke ɗaya. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa an azabtar da wata mata saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta ci daga ƙwarin ƙasa ba. Ya kuma tabbata cewa akwai lada a kyautata wa duk mai ɗanyar hanta. Game da darduma kuwa, jikin kyanwa da ruwan da ta sha ta rage tsarkakakku ne, hadisin Abu Ƙatada yana nan a Muwaɗɗa, cewa ita ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninmu. Fitsarinta ne ake wankewa. A wanke darduma da ruwa, a shanya, shi ke nan.

Baban Khalifa:
Allah ya gafarta Malam, ai hadisin da kansa ya ambaci sakewa. To maigidan nan sake su ya ce zai yi, bai ce zai kashe ba.

Malam:
Sakewar da ake nufi ita ce wadda dabba za ta iya ci da kanta. Tsohuwar kyanwa mai shekara 9 da ta saba da kwano, da 'yar wata 4, da mara lafiyar da ba ya iya fitsari, ka zube su a bakin titi cikin zafin bazarar Kebbi, kai kanka ka san abin da zai same su. In ba za a iya riƙe su ba, a nema musu gidan da zai karɓa.

Maman Sadik:
Alhamdulillah jama'a, sai yanzu na samu zama. Likitan yana taɓa cikinsa ya ce ya toshe. Suka yi masa allurar barci, suka zura siririyar roba. Abin da ya fito, wallahi ban taɓa gani ba, ja jawur, ga wani abu kamar garin ƙasa yana kwantawa a ƙasan kwanon. Sun ɗaura masa ruwa, sun ce zai kwana biyu da robar. Kuɗin adashina na taɓa, ban yi da-na-sani ba. Maigida ya biyo mu daga wurin aiki, da ya ga jinin ya yi shiru, can ya ce, "Ashe ciwo yake ji." Maganar Juma'a dai bai sake tayar da ita ba, ni ma ban tambaya ba. Dakta, Allah ya saka da alheri, Allah ya ji ƙan mahaifa.

Dakta:
Amin Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Yanzu mu koma kan tushen abin, don in ba a gyara gidan ba yana iya sake toshewa, kuma makonnin farko su ne mafi hatsari.

A kyanwar da ba ta kai shekara 10 ba, mafi yawan ciwon fitsari ba ƙwayar cuta ke kawo shi ba. Kumburin mafitsara ne da ke tashi idan dabba ta shiga takura da firgici, shi ya sa za ka ga an yi ta ɗirka maganin kashe ƙwayoyin cuta abin yana tafiya yana dawowa. Ki duba abin da ya haɗu wa Toka cikin wata biyu: baƙuwa ta shigo, makewayinsa na shekara 3 ya koma siminti, an kwana huɗu ana kiɗa, ga zafi ya haura digiri 40, kyanwa kuwa dama ba mai yawan shan ruwa ba ce. Ɗan Jega, ka yi haƙuri, duka da goga hanci shi ne ƙara wa wuta fetur. Ba ya haɗa dukan da fitsarin, abin da zai koya kawai shi ne hannun uwargida abin tsoro ne. Inna, addu'a kam a yi ta, amma hayaƙi a rufaffen ɗaki yana tayar musu da tari da shaƙewar numfashi, a bari sai sun fita.

Asalin kyanwar gida daga kyanwar dajin Afirka ne, wadda ita kaɗai take farauta, ita kaɗai take cin abinta. Ba kamar kare ba ne mai tafiya a garke. Suna iya zama tare idan komai ya wadata, amma ko uwa da 'ya'ya ba dole ba ne su ci gaba da shiri bayan sun girma. Kuma yawancin faɗansu ba a ji. Za ki ga ɗaya ta kwanta a tsakiyar hanya kamar tana hutawa, ta zuba wa ɗaya ido, ɗayar ta tsaya, ta lashi hanci, ta juya. Hajiya, gobe da asuba ki zauna ki lura da inda Zabuwa take kwanciya, ki faɗa mana. Ki kuma lura su wa ke barci jiki da jiki, su wa ke lasar juna. Waɗannan su ne 'yan ɗaki ɗaya, sauran maƙwabta ne kawai.

Maman Sadik:
Dakta kamar kana gidan. Na idar da sallah na zauna a bakin ƙofa. Tsakanin randa da katanga akwai 'yar siririyar hanya, ita kaɗai ce ke kai wa ga yashin nan. Nan Zabuwa ta miƙe ƙafa. Ƙwalli ta zo har kusa da turmi, suka haɗa ido, Zabuwa ko motsi ba ta yi ba, bakin jelarta kawai ke kaɗawa. Ƙwalli ta koma gindin tabarma ta hau lasar ciki. Kullum ina ganin wannan kwanciyar, ina cewa sanyin randa take bi. Kwanon ruwansu ma a wurin yake, kuma tire ɗaya nake zuba musu abinci su huɗun. Masu kwana tare Toka da Ƙwalli ne kawai.

Dakta:
To kin ga gida uku gare ki a cikin gida ɗaya: Zabuwa, 'yan biyun, da Tsintuwa. Ƙa'idar da muke bayarwa ita ce wurin bayan gida ɗaya ga kowace kyanwa, a ƙara ɗaya, wato 5 a wurinki. Ba sai kin sayi komai na kanti ba, tsofaffin bahon roba masu faɗi da yashin gulbi mai laushi sun isa, zurfin kamar yatsa ɗaya. Amma kada ki jera su wuri ɗaya, baho biyar a jere a idon kyanwa makewayi ɗaya ne, kuma mai tsaro ɗaya ta ishe su. Ki watsa su, kowanne ya zama yana da hanyar shiga da ta fita. A kwashe kullum. Abinci kowa da kwanonsa, nesa da juna yadda ba za su haɗa ido ba. Ruwa wuri uku ko huɗu, nesa da abinci da yashi, kasko ya fi don yana sanyaya ruwa. Ki ba su wurin hawa, ko saman kabad ne ko katako a bango, da kwalaye na ɓuya. Tsintuwa ki ba ta ɗaki ɗaya nata na ɗan lokaci, kina musanya musu tsumman kwanciya don su saba da warin juna.

Wurin da ya yi fitsari ki wanke da omo da ruwa sosai. Ban da Izal da Dettol, suna takawa su lashe ƙafa, guba ne gare su.

Mai Kifi (Argungu):
Ni dai tawa mussa ɗanyen kifi take ci tun tana ƙarama, kayan ciki da kai, ba ta taɓa ganin likita ba. Hajiya ki dinga ba su kifi ki huta.

Dakta:
Kifi abinci ne mai kyau, amma a dafa a cire ƙaya. Wasu kifayen in an ci su ɗanye suna lalata bitamin B1 a jiki, sai ka ga kyanwa tana tangaɗi, wuya ya lanƙwashe, ga tsutsa kuma. Kuma kada ya zama shi kaɗai kullum, a haɗa da nama, kaza, dafaffen ƙwai. Tuwo da shinkafa ba sa riƙe kyanwa, akwai sinadarin taurin da sai a nama take samu, rashinsa yana makantar da ita ya kuma raunana zuciya. Toka yanzu abinci mai ruwa-ruwa yake buƙata, romon da ba gishiri ba magi ba albasa.

Ɗan Aliero:
Dakta tsaya, albasa kuma? Mu da muke kwana a cikinta? Ragowar miya muke juye wa tamu kullum.

Dakta:
Ita fa. Albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kyanwa. Kaɗan-kaɗan kullum ma yana taruwa. Ka ɗaga leɓenta ka duba dasashi, in ya yi fari maimakon ja-ja, jini ya yi ƙasa. Ka ɗebar mata nama kafin a haɗa miya. Madara kuma yawancin manyansu zawo take sa su, ɗan kindirmo ya fi musu sauƙi.

Maman Sadik:
Jama'a wata sabuwa. Mun dawo da Toka jiya Alhamis, yana fitsari, alhamdulillah. Amma ina buɗe kwando Ƙwalli ta taso, ta shinshina shi, ta kumbura jela ta rufe shi da yaƙushi. Ƙwalli fa, da suke kwana kai da kai tun suna cikin tsumma! Kuka ne kawai ban yi ba.

Anti Nurse:
Yaya, warin asibiti ne, ba ta gane shi ba. Su da hanci suke sanin ɗan'uwa, shi kuma ya dawo da warin magani da na baƙin dabbobi. Ki ware shi a ɗaki kwana ɗaya ko biyu da tsumman da suka saba kwanciya a kai. Ki ɗauki ƙyalle ki goga a kumatun Ƙwalli, ki goga masa a jiki. Warewar ma za ta taimake ki ki san yawan fitsarinsa, ki dinga ƙirga jiƙaƙƙen wuri a yashin safe da yamma.

Dakta:
Haka ne. Kuma Hajiya, in hali ya yi, sauran ukun ma a duba su. Kyanwa gwanar ɓoye ciwo ce, sau da yawa canjin hali shi ne alamar farko. Kada mu ɗora komai a kan damuwa ba mu duba jiki ba. Cikin Ƙwalli zai iya zama ƙuma, zai iya zama ƙora irin mai cin kan yara, wadda kuma tana kama mutane. Ki tsayar da ita a kan farin ƙyalle mai laima ki taje bayanta, in baƙaƙen ɗigo sun zubo suka koma ja, kashin ƙuma ne. In haka ne duk huɗun za a yi wa magani rana ɗaya a wanke shimfiɗunsu. Ban da piya-piya, ban da maganin kaska na karnuka ko na shanu, mai sinadarin fametirin yana sa kyanwa farfaɗiya har ta mutu.

Mai lafiya sau ɗaya a shekara ya isa a auna ta, a duba haƙori, kunne, ido, a ji zuciya. Tsohuwa irin Zabuwa duk wata 6, saboda ciwon ƙoda da na gaɓoɓi sun fi kama su. Masu kama ɓera da ƙadangare a ba su maganin tsutsa duk wata 3. Tsintuwa tana buƙatar rigakafin mura da na cutar amai da zawo mai kashe ƙanana, ana maimaita shi bayan sati 3 zuwa 4. Na haukan kare kuma daga wata 3 ake yi, don kyanwa ma tana ɗauka ta sa wa mutum. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Filato, wadda take nan tun 1924, tana yin allurar, kuma duk 28 ga Satumba ake ranar yaƙi da cutar a duniya, a dinga sa kunne lokacin. Wanda kyanwar da ba a sani ba ta ciza ko ta yakusa, ya wanke da sabulu da ruwa minti 15 ya wuce asibiti.

Amaryar Bunza:
Dakta ni ina da juna biyu, surukata ta ce in rabu da tawa.

Dakta:
Ba sai kin rabu da ita ba ƙanwata. Kashinta ne ba za ki taɓa ba, wani ya dinga kwashewa kullum, don ƙwayar cutar da ake tsoro sai ta kwana ɗaya zuwa biyar a ƙasa kafin ta iya kama mutum. Ki dafa nama sosai, ki wanke ganye, ki wanke hannu.

Ɗan Jega:
Na karɓi gyara a kan duka, na gode. Amma likitoci kullum sai ku ce a yi fiɗiya. Muzurun da aka fiɗiye ai ya zama rago, ba ya kama ɓera. Kuma ta ina ya halatta?

Dakta:
Farauta ba ta da alaƙa da wannan, fiɗiyayye yana kama ɓeransa. Abin da ke raguwa shi ne yawon dare, faɗa, da fesa fitsari a bango, wanda kusan 9 cikin 10 suke dainawa ko su rage sosai. Faɗan nan ta hanyar cizo yake yaɗa musu wata cuta mai karya garkuwar jiki, tasu ce, ba ta kama mutum. Illarsa ita ce ƙiba in ba a kula da abinci ba, ƙiba kuwa tana ƙara hatsarin toshewa. A gidan Hajiya akwai wani lissafin: Tsintuwa tana iya ɗaukar ciki tun tana wata 5 ko 6, cikin kuma kwana 63 zuwa 65 ne kawai. Huɗun da suka kasa zama lafiya, in suka zama goma fa? Amma Toka sai ya warke sarai tukuna.

Malam:
Malamai sun yi saɓani a kan wannan. Wasu sun hana saboda azabtarwa da canza halitta, wasu sun yi rangwame idan akwai cutarwar da ake son kawarwa kuma ba za a azabtar da dabbar ba. Abin da ba na shakka a kansa shi ne dandaƙa irin ta gargajiya da dabba tana ji tana gani, wannan a guje shi. Hajiya da maigidanta su zauna da malaminsu su faɗa masa halin gidan yadda yake.

Maman Sadik:
Salamu alaikum, sati uku ke nan, na ce bari in kawo muku labari. Na kai ukun a rana ɗaya don kada wata ta dawo da baƙon wari ita kaɗai. Ƙwalli ƙuma ce, ɗigon nan sun koma ja kamar yadda Dakta ya ce. An yi wa duka magani, gashi ya fara tsirowa kamar sabuwar ciyawa, sai dai har yanzu in Zabuwa ta harare ta takan koma lasa.

Abin da ya fi taɓa min zuciya Zabuwa ce. Da likita ya buɗe bakinta, haƙorin turmi ɗaya ya ruɓe, dasashin ya kumbura ya yi ja. Sikeli ya nuna kilo 3 kacal, ni gashi ya rufe min ido ban ga ramarta ba. Na tuna ta daɗe tana cin abinci da gefe ɗaya, tana yar da kan kifi, ina cewa tsufa ne. Ashe da ciwo take kwana take tashi, ni ina ce mata mafaɗaciya. An cire haƙorin. Sun ce in dawo da ita a auna jini saboda ƙoda, don na faɗa musu tana shan ruwa fiye da da.

Baho huɗu na samu, na biyar sai wata ya yi. Ɗaya bayan kicin, ɗaya a zaure, ɗaya ɗakin yara, ɗaya a tsohon wurin, na kuma janye randar hanyar ta buɗe. Maigida da kansa ya kawo buhu biyu na yashi a bayan mashin, ya kafa katako biyu a bangon baranda. Na saman Zabuwa ta kama, duk da sai ta taka kujera take iya hawa. Toka bai sake tsugunawa a ɗaka ba, ina ƙirga fitsarinsa, sau 2 zuwa 3 a rana. Tsintuwa ta fara fitowa da dare, jiya na ga ta bi jelar Toka bai kula ta ba. Allurarta ta biyu ranar Litinin.

Saura abu ɗaya. Shekaranjiya ya sake fesa wa ƙofar falo a tsaye, kuma na gano dalili. Wani jan muzurun maƙwabta ne ke hawa katangarmu bayan isha, ya zauna yana kallon tsakar gida. Ba na so in yi rigima da maƙwabta a kan wannan.

Inna ta Gwandu:
Ɗiyata, kina barin kwanon abinci waje da dare? In kina bari, shi ya ka kiran shi. Ki ɗauke, ki sa su ɗaka in an yi magariba, ki aza ƙayar magarya bisa katangar inda yake hawa. Haka munka yi da namu.

Maman Sadik:
Wallahi ina bari Inna, na Zabuwa, don takan ci da tsakar dare. Yau zan shigar mata da shi ɗaki. Ƙayar kuma zan sa Sadik ya samo gobe in ya taso daga islamiyya.